Ordinater a Balis ɗin Rashida

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo, wai na bar Rashida tsaye bayan labule har ƙafarta za ta yi tsami, na ji ku. Kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke mana tun jiya. Ku gyara zama, yau Gwaggo Inde ke da fili.

*

"A ruhe balis ɗin nan."

Tsakar gidan Malam Abarshi ya yi tsit. Mai shirin rangaɗa guɗa ma ta saki hancinta.

Daga bayan labulen ɗakin innarta Rashida take leƙe. Amarya ba ta fitowa ranar da dangin ango suka kawo kayan lefe, wanda a Madarumfa ake kira balis. Nata kawai ta ɓuya ta kasa kunne. Ga shi kunnen ya jiyo mata abin da take tsoro: in Gwaggo Inde ta ce a mayar da kaya, ranar da aka sa mata da Gambo ta tashi kenan.

Gwaggo Inde yayar babanta ce, kuma a gidan nan ba a tsallake maganarta. Tun da ɗanta ɗaya tilo ya tafi cin rani Najeriya bai dawo ba, yau shekaru sun haura goma, ta tattara duk son da take da shi ta ɗora wa Rashida. Son Gwaggo kuwa da faɗa yake zuwa.

"Gwaggo, ai ba mu ida nunawa ba," in ji Larai, yayar ango, wadda ta jagoranci masu kawo kayan.

"Na ga abin da za ni gani. Atamfa ta yi. Takalma sun yi. Turare ma ba laihi." Ta ɗaga wata siririyar aba mai ruwan toka da yatsu biyu. "Amma wagga? Wagga ce anka hana ɗiyarmu sarƙar zinari dominta?"

Ordinater ce, kwamfutar da ake ɗorawa a cinya. Rashida ce da bakinta ta roƙi Gambo ya bar sarƙa ya sayo mata ita, don katin biki da gyaran hoto da take yi wa mutane a waya sun fi ƙarfin wayar. Gwaggo ba ta yarda ba sai da ta tuna bara an sa wa Bilki ta maƙwabta ordinater a balis, unguwa ta yi wata guda tana zancen. Tun daga ranar take jiran a kawo wadda za ta ninka ta Bilki.

Ta ɗora ta a tafin hannu, ta jinjina.

"Marhin tukunyata ya hi ta nauyi."

"Gwaggo, na zamani haka su ke."

"Zamanin rowa ko? Ke, a kira mini Bilki, ta taho da tata."

Bilki kamar a bakin ƙofa take jira. Ta shigo rungume da tata a ƙirji, baƙa, mai kauri, wayar caji na jan ƙasa a bayanta. Sai da aka jawo mata kuran daga ɗaki kafin ta buɗe.

Aka jera su kan tabarma. Gwaggo ta durƙusa, ta ware babban yatsa da na tsakiya, ta shiga awo kamar mai sayen yadi.

"Ta Bilki, taƙi biyu cur. Wagga, ɗaya da ɗan guntu." Ta ɗago ta dubi Larai. "Nawa anka saye ta?"

Larai ta yi ƙasa da murya. "Ta ɗan ɗara ta Bilki tsada."

"Ta ɗara?"

"Kaɗan."

"La'ilaha illallahu! A kunna su in gani."

Ta Bilki ta tashi da gurnani, iska mai zafi na fita ta gefenta. Rubutu ya fito manya-manya, na nesa ma na hange. Mata suka ce, "Masha Allah."

Aka danna ƙaramar. Ba ta ce uffan ba, haske kawai ta kawo. Gwaggo ta kai fuskarta har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Ina rubutun?"

"Ga shi nan a gehe, Gwaggo."

"Wanga? Wanga ai ƙwan tururuwa ne! Ku taho ku gani, jama'a. Gilashi ƙarami, rubutu ƙarami, kuɗi ne kaɗai babba. So su ke ɗiyata ta makance kahin ta yi haihuwar fari?"

Ku sani, Gwaggo Inde ko ƙofar lekol, makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba. Da an rubuta da girman buhun gero ma ba karantawa za ta yi ba. Amma wa ya isa ya tuna mata?

"Ni ban ga laihin Gambo ba," ta ci gaba. "Yaro ne mai lambu, albasa da zogale ya sani. Ya kwashe guminai na bakin tabki ya tahi Katsina, ya hwaɗa hannun macuci. Mai butik ɗin nan da ya sayar mai, shi ne ɓarawo. Ya ɓoye manyan, ya miƙo mai ƙanwarsu. Ko wace ce uwar mutumin nan, ba ta yi tarbiyya ba. Wallahi da za ni gan ta, ido da ido za ni gaya mata ta haihi asara."

Larai ta ja gyale ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Daga inda take leƙe, Rashida ta ɗauka kuka take yi, sai tausayinta ya kama ta.

"Ba tukuici, ba guɗa," in ji Gwaggo. "Ku kwashe. Ran da anka samo ta kirki, a sake sa rana."

A sake sa rana!

Rashida ba ta san lokacin da ta yaye labule ba.

"Ke!" Innarta Rabi ta zabura. "Kin haukace? Koma ciki!"

Mata suka hau salati. Wata tsohuwa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin amarya gaban balis ɗinta ba. Rashida dai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zo ta durƙusa gaban Gwaggo. Kunya kamar ta nutse, amma ta riga ta fito.

"Gwaggo, ki yahe mini. Ki bar ni in taɓa ta sau ɗaya. In ba ta yi miki ba, ni da kaina za ni ruhe balis."

Gwaggo ta yi mata kallon sama da ƙasa.

"Rashin kunyar taki har ta kai nan? To taɓa. Ke da abarki."

Rashida ta jawo ta. Yatsunta na sauka a kai ta ji wani daɗi ya ratsa ta, don tun tana lekol a Maraɗi take mafarkin irin wannan. Ta shiga wurin saitin gilashi. Yadda ta zata haka ne: an bar girman rubutu a kan ɗari. Ta mayar da shi ɗari biyu.

Gilashin ya ƙifta sau ɗaya. Rubutu da 'yan alamomin gefe suka kumbura, suka cika ido, baƙaƙe sumul kamar an zana da sabon alƙalami.

"Kai!" in ji matan baya.

Gwaggo ta ja da baya. "Mi kinka yi mata?"

"Ce mata na yi ta ƙara girma."

"Ta kuma ji?"

"Ta ji. In kina so in ƙara, sai in ƙara."

"To da can mi ya hana ta? Rainin wayo?"

Dariya ta ɓarke. Rashida ta samu ƙarfin gwiwa, ta ɗan saki mayafin.

"Gwaggo, rariya nawa gare ki?"

"Biyu. Mi ya kawo rariya cikin zancen ga?"

"Wace ta hi faɗi?"

"Ta tsaki."

"Wace ta hi tsada?"

Gwaggo ta harare ta. "Ta garin kunu. Idonta ƙanana ne."

"To gilashin nan duk ɗigo-ɗigo ne, awa idon rariya. Na Bilki faɗi gare shi, amma ɗigon manya ne, ba su da yawa. Wanga ƙarami ne, amma ɗigonai sun ninka nata wajen sau huɗu. Shi ya sa rubutun ya hito ƙanana da fari. Wuri ne ya yi mai yawa."

"Ni dai tawa ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji Bilki, ta tura baki.

"Ban ce ba ta da kyau ba. Ke kallon fim ki ke yi, ta ishe ki har ta yi yawa. Ni kuwa hoton amaren mutane ni ke gyarawa, sai na ga kowane gashin gira. Kuma hwaɗi gaskiya, in an cire mata waya, tana kai ki la'asar?"

Bilki ta sosa wuya. "Ba ta son a kwance ta dai."

"Awa akuya kenan," wata ta ce daga baya, "kullum a turke."

Wannan karon har Bilki sai da ta dara.

Gwaggo kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗaurin kallabi.

"Zance ne. Ni ba a saye na da zaƙin baki. Har gobe ni ke zura zare a allura da kaina. A sa abu guda a nan, a sa shi a can, idona ya raba gardama."

Rashida ta rufe wurin saitin. Sai a lokacin ta lura da hoton da aka shimfiɗa a fuskar ordinater ɗin. Gambo ne tsaye cikin wani butik, rungume da kwali, ya washe haƙora kamar an yi masa albishir da Makka. Can bayansa, bayan tebur, wani dogon mutum ya ɗan juya gefe, fuskarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ta sunkuyar da kai, murmushi na neman tona mata asiri.

"Ga hoton... ga hotonai nan. A sa shi."

"Hoton wa?" in ji Bilki da gangan.

"Kin san ko wa."

Aka yi shewa. Bilki ta ciro ɗan kile, abin kwasar hoto da ake sokawa a gefen ordinater, daga jakarta, aka kwashi hoton aka zuba a tata. Aka juya su biyun suna fuskantar Gwaggo.

Ta fara da babbar.

"Ga Gambo nan, na gane shi. Haƙora a waje." Ta nuna bayansa da yatsa. "Wancan na baya shi ne ɓarawon?"

"Shi ne mai butik ɗin," in ji Larai, muryarta na rawa.

"Huskar ma ba ta hito ba, ta dame awa fura. Haka marasa gaskiya su ke."

Ta matsa gaban ƙaramar.

"Nan kuma... oho. Ashe rigar Gambo zane gare ta. Har maɓalli ana gani." Ba ta so ta yaba. "To, ba laihi. Bari in ga macucin da kyau, ko a lahira in gane shi."

Ta kai ido kusa.

Ba ta ɗago ba.

Mata suka fara kallon juna. Rashida ta matso kusa da ita.

"Gwaggo?"

"Girarshi," in ji Gwaggo a hankali. "Girar hagu. A rabe ta ke."

Rashida ta duba. Gaskiya ne. Wani siririn layi ya tsaga girar mutumin biyu, bai kai kaurin zare ba. Ta waiga ta Bilki, can babu layi, babu ma girar, duhu ne kawai.

"Jawo mini shi."

Rashida ta sa yatsu biyu ta buɗe. Fuskar ta taso ta cika gilashin: dogon hanci, ɗan gemu, ido na kallon gefe kamar mai jin nauyin a gan shi.

"Ai tawa ma in an jawo ana gani," in ji Bilki. Ba ta rufe baki ba aka ɗauke kuran, tata ta yi ɗif ta mutu. Ko mutum ɗaya bai waiga ba.

Gwaggo ta ɗora yatsa kan girar.

"Ƙugiya ce. Yana ɗan shekara bakwai, ya bi masunta tabki ba da sanina ba. Ni na riƙe kanshi anka cire ta."

Rabi ta dafe ƙirji. "Yaya Inde... kar dai..."

"Yaron nan ne."

Haka take kiransa, yaron nan. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar suna, don kunya. Bayan tafiyarsa kuma sauran mutanen gida ma suka bar faɗinsa a gabanta. Rashida tana 'yar ƙarama ya tafi. Abin da take tunawa kawai wani dogon yaya mai kwance rediyon mutane, da ranar da Gwaggo ta ce masa mai wasa da ƙusoshi ba zai taɓa zama komai ba.

Larai ta saki gyalen. Ashe dariya take ta dannewa tun ɗazu, ga hawaye kuma shaɓe-shaɓe.

"Gwaggo, ki yahe mini, rantsar da ni anka yi. Gambo irin ta Bilki ya tahi saye, babba, don ya san halinki. Suna cikin ciniki mai butik ya ji harshenai, ya ce kai ɗan ina ne? Gambo ya ce Madarumfa. Ya ce ɗiyar wa za ka aura? Yana jin an ce Rashida ta gidan Abarshi, sai ya zamna ƙasa."

Larai ta ci gaba.

"Ya ce wallahi ba ya sayar mai da babbar. Ya shiga ciki ya ɗauko wagga, ya ce duk butik ɗin babu mai gilashinta. Abin da kuɗin Gambo bai kai ba, ya ce gudummawar yaya ce. Shi ya sa anka ɗauki hoton, shi ya shimhiɗa shi da hannunai. Gambo ya ce hankalinai duk yana kan hoton, shi ya sa ma ya mance bai gyara girman rubutun ba."

"Don mi bai aiko da magana ba?" in ji Rabi.

"Ya ce ya daɗe da yawa, bai san da wace huska zai aiko ba. Ya ce a buɗe ta gaban Inna, kar kowa ya ce komi. In ta gane ni a ɗan wurin nan, to ba ta hidda ni daga ranta ba. In ba ta gane ba, ku ruhe ku yi shiru."

Rashida ta ji hawaye masu ɗumi na bin kumatunta. Daɗi ya cika ta har ba ta san wanda za ta fara runguma ba.

Gwaggo ta share ido da bakin zane. Ta ja hanci.

"Butik ɗin nashi ne?"

"Nashi ne, Gwaggo. Da yara biyu masu yi mai aiki."

"Da ƙusoshin?"

"Da ƙusoshin."

Ta gyaɗa kai. Can sai ta ɗago a firgice.

"Tsaya. Ɗazu mi na ce a kan uwar mai butik?"

Bilki ce ta fara fashewa. "Kin ce ba ta yi tarbiyya ba!"

"Kin ce ta haihi asara!" in ji wata.

"Kin ce ido da ido za ki gaya mata," in ji Rabi, tana dariya tana kuka. "A kawo miki madubi, Yaya?"

Gidan ya kaure. Tsohuwar nan mai salati har da faɗuwa kan buhun goro. Gwaggo ta ɗaga hannu za ta yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinta, ta rufe fuska da tafuka.

"Ku yi mini shiru, marasa kunya! Ni na san ba ƙaramar mace ta haihi mai wanga ido ba. Ku dubi abin da ya zaɓo! Siririya, ba hayaniya, ga hankali." Ta jawo ordinater ɗin jikinta. "Bilki, kwashe injin niƙanki ki ba mu wuri."

"Gwaggo! Ɗazu hwa taƙi biyu ki ke yabo!"

"Ɗazu ɗazu ne."

Ta juya ga Larai, ta daki tabarma.

"Balis ya karɓu. Rana tana nan inda anka sa ta. Rabi, tukuicin da munka shirya, a ninka shi. Ina mai guɗa?"

Guɗa ta tsaga unguwa. Rashida ta tuna ashe amarya ce ita, ta ja mayafi za ta gudu ɗaki, Gwaggo ta cafke mata hannu.

"Zamna nan. Kin riga kin zubar da kunyar. Nuna mini inda a ke dannawa ya ƙara girma." Ta dubi Larai. "Ke kuma, gobe da asuba Gambo ya zo ya kai ni Ɗan Issa, bakin iyaka. Ko a ƙasa ne sai na taka Katsinar nan."

Larai ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale.

"Gwaggo... ba ya Katsina."

"Ina ya tahi kuma?"

"Motar da ta kawo mu da kaya... ba ta haya ba ce. Tun azahar yana zamne cikinta bayan masallaci. Ya ce in ya ji guɗa, ya san amsa."

Gwaggo ta miƙe tsaye. Kallabinta ya zame ya faɗi, ba ta ko duba ba.

Daga zaure aka ji takun takalmi, ya zo ya tsaya. Sai muryar namiji, mai kauri:

"Salamu alaikum. A shigo?"

Duk ido ya koma kan Gwaggo Inde. Ta ƙara matse hannun Rashida har ya yi zafi.

Sannan, a gaban surukai, a gaban maƙwabta, matar da ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba ta ɗaga murya:

"Isma'ila!"

Labulen zaure ya motsa. Rashida ta kai ido ƙasansa.

Ƙafafun da ke tsaye a wurin ba na mutum ɗaya ba ne. Isma'ila bai dawo shi kaɗai ba.